Filashin da Ya Sa Malam Martin Jira

"…da gajiyar hanya kuma? Sannu da dawowa, amarya. Har na fara cewa ko an sayar da ke ne a Sabon Gari."

"Gajiya ta bi lafiya, ragon miji. Wa ke da abin sayena a garin nan? Karɓi ledar nan, ka tsaya kana washe mini baki kamar gonar auduga."

Kaka Keziya ke nan, ta sauko daga bas ɗin Sabo a bakin titin Samaru, ta tako har gida da ƙafa, don ta rantse ɗan acaba ba zai ƙara ganin bayanta ba tun da wani ya kusa zubar da ita a Kwangila. Wanda take yi wa tsiyar kuwa jikanta ne, Mordecai, ɗalibin jami'a. Iyayensa sun ajiye shi a wurinta wai don ya riƙa kula da tsohuwa, amma har yau ba a tantance wa ke kula da wa ba. Shi amarya yake ce mata, ita kuma miji, kuma in ka ji gidan ya yi tsit, to ɗayansu ba ya nan.

Abin da ya kai ta kasuwa ba ƙarami ba ne. Wani gidan talabijin ya yi sanarwa cewa zai tono tsofaffin shirye-shiryensa, kuma ran Lahadi da yamma zai nuna waƙoƙin majami'arsu da aka ɗauka tun da daɗewa. Mai ba da waƙa a shirin shi ne Malam Martin, mijinta, wanda ya riga mu gidan gaskiya. Duk gidan babu muryarsa a ko'ina, sai hoto guda a bango. Sau ɗaya za a nuna, in ya wuce ya wuce. Mordecai ne ya faɗa mata cewa dikodarsu tana da wani ɗan baki a baya, in an soka mata filashi sai ta naɗe shirin ta ajiye. Ya ce zai sayo in ya fito daga lacca. Ita kuwa ta san alkawarin ɗan jami'a, sai ta ɗauki mayafinta.

Ya leƙa ledar. "To ina abin yake? Ni daddawa nake gani da busasshiyar kuɓewa."

"Ka ɗauka a leda zan sako mazaunin mijina na gaske?"

Ta kama haɓar zani, ta kwance ƙulli, ta kwance na biyu, ta ture ɓarin goro gefe, sannan ta zaro wani ɗan baƙin abu da bai kai ɗan yatsa ba.

"Kaka! Ina kwalinsa?"

"Na bar wa Uzodinma kayansa. Kwali zan ci?"

"Shagon Uzodinma mai kayan lantarki kika je?"

"Ɗan Chinelo mai atamfa mana. A gabana aka yaye shi. Na ce masa randar da ake tara talabijin a ciki nake so."

"Randa! Wayyo cikina. Bai kira miki 'yan kasuwa su zo kallo ba?"

"Kujera ya ba ni, da ruwan sanyi. Ai ba duka yaran zamani ne marasa kunya ba, an dai haɗa ni da nawa rabon. Na ce masa mutumin da za a zuba a ciki dogo ne, ga murya kamar tsawa, kada ya ba ni wanda zai matse shi. Ya ce wannan ko majami'ar ce gaba ɗaya da bencinanta zai ɗauke."

Mordecai ya kai abin hanci ya shinshina. "Warin goro yake yi. Baba zai fito yana atishawa."

"Ya saba. Da warin goron nan ya aure ni."

"Ni dai ina jin an cuce ki. Dubi ƙanƙantarsa."

"Komai ƙanƙantar allura ƙarfe ce. Kai da ka yi tsawo kamar falwaya, me aka taɓa ajiyewa a kanka ya zauna?"

Suka shiga falo. Sai da Mordecai ya yaye ƙyallen saƙa har hawa biyu kafin ya kai ga dikodar, don Kaka lulluɓe ta take yi kamar jaririya. Yana laluben bakin filashin ya ce, "Wai ni, amarya, me ya sa ba kya cikin shirin nan? Ko sun ji muryarki ne suka ji tsoron ta fasa musu na'ura?"

Ya san amsar sarai. Ya ji ta har ya haddace. Amma tsokana ba ta barinsa.

"Au, tambaya ma kake yi? Ranar nan na sha ɗaurin ɗankwali, na ɗauki tuluna na kiɗa, ƙafata ɗaya tana waje, sai ga saƙo wai uwarka ta fara naƙuda. Duk kwanakin da Allah ya halitta ba ka ga na zuwa duniya ba sai ranar da masu talabijin suka zo. Na yini a asibiti ina jiran abin kirki, aka miƙo mini kai, da kai kamar kabewa."

"Ni na aika miki?"

"Kai ka aiko mana. Tun ranar ka fara yi mini asara. Waƙar nan tawa ce da Malam, shi ya bayar, ni in amsa. Tun muna saurayi da budurwa haka muke yin ta. Da ba na nan, sai aka ba Sarah amshina. Sarah! Mace da murya kamar an ja ƙofar langa-langa."

"Ni kuwa na ji an ce Baba ya fi jin daɗin ranar. Wai ke jan amshi kike yi kamar yauƙin kuɓewa."

"Shi ne dai mai gaggawa kamar ana binsa. Ban taɓa kai amshin nan ƙarshe ba, kullum sai ya faɗo mini a kai da baiti na gaba. In mun dawo gida ya ce, 'Keziya, kina ja.' In ce, 'Malam, kana gudu.' Har ya tafi bai jira ni ba ko sau ɗaya."

Ta faɗi wannan tana dariya, amma idonta yana kan hoton bango.

Filashi ya shiga. Wani rubutu ya fito a fuskar talabijin.

"Me yake cewa?"

"Dikoda tana tambaya ko ta share cikinsa."

"Ta share me? Sabo ne fil!"

"Al'adarta ke nan. Ba ta ajiye kaya a ɗakin da ba ita ta share da kanta ba."

"Ashe ta fi ka tarbiyya. Bar ta ta share."

Ya bari ta share. Ya danna wani madanni a rimot don gwaji, sai ga ɗan jan ɗigo a kusurwa, alamar an fara naɗa. Ya juyo ya kafa mata dokoki kamar malamin firamare: in jan ɗigon nan yana ci, ba a canza tasha, ba a zare filashi, ba a cire waya daga soket.

"Ko da hadari ya taso?"

"Ko da hadari ya taso."

"In tsawa ta ƙona mini ita, kai za ka zauna a kan teburin kana karanta mini labarai. Kuma wannan mai karanta labaran, dubi wuyan rigarsa, ba shi da mata ne? Ka ga ni lokacin da nake koyar da ɗinki a Zumuntar Matan majami'a…"

Shi ke nan, famfo ya ɓalle. Daga wuyan riga ta koma kan tsadar tumatir, daga nan ta faɗa kan surukar maƙwabta. Mordecai yana so ya ji ko sauti yana shiga daidai, ina! A nan ne Shaiɗan ɗin wasa ya raɗa masa wata dabara. Ya ɗaure fuska ya ɗora yatsa a baki.

"Kaka, ki yi a hankali. Duk abin da kike faɗa yana shiga ciki fa."

"Cikin me?"

"Filashin mana. In jan ɗigon nan yana ci, duk abin da aka faɗa a ɗakin nan kwashewa yake yi. Yanzu haka maganar surukar maƙwabta tana ciki."

Ƙarya ce tsagwaronta. Filashi ba shi da kunne, abin da tasha ta aiko kawai yake ajiyewa. Amma Kaka ta yi tsit. Ta dubi dikoda, ta dubi hoton bango, sannan ta yi ƙasa da murya.

"Duk abin da aka faɗa a ɗakin?"

"Har tari."

"Ya haɗa da na cikin talabijin, su zauna wuri ɗaya?"

"Ƙwarai kuwa."

Ba ta ƙara cewa uffan ba. Mordecai ya ji kamar ya taka rawa. Abin da fasto da dattawan majami'a suka kasa, yau ga shi ya yi da jan ɗigo guda. Sai dai an ce in baki ya san abin da zai faɗa, bai san abin da za a mayar masa ba.

Ran Asabar Kaka ta ƙi shan ruwan sanyi, ta yini tana kurɓar citta da zuma. Mordecai ya ce, "Mura ce, amarya, ko tsufa ne ya sauko maƙogwaro?" Ta ce, "Da tsohuwar zuma ake magani," ta ci gaba da kurɓarta. Shi kuwa gogan bai kawo komai a ransa ba, ya tafi neman man janareta don kada masu wuta su yi halinsu.

Ran Lahadi aka taso daga sujada, aka ci abinci, amma Kaka ba ta cire kayan Zumunta ba. Ta ma ƙara gyara ɗaurin ɗankwali. Can sai ga ta ta fito daga ɗaki rungume da tulun kiɗanta, wanda rabon da a taɓa shi tun rasuwar Malam.

"Ja mini kujerar nan kusa da dikoda."

"Za ki lalata idonki."

"Ba kallo ne ya dame ni ba. Ta wane gefe kunnen abin yake?"

"Kunnen me?"

"Filashin mana, sakarai. Ranar da aka yi ta farko ka hana ni. Yau Allah ya kawo ta biyu. Shi ya bayar daga can, ni in amsa daga nan, abin nan ya haɗa mu wuri ɗaya. Ko bayan raina a ji mu tare."

Sai yanzu Mordecai ya gane. Citta da zuma, tulu, shirun nan nata, duk suka haɗu a kansa lokaci guda. Ya buɗe baki zai ce wani abu, sai kiɗan buɗe shiri ya tashi.

"Danna! Danna mana, ka tsaya kana kallona kamar baƙon akuya!"

Ya danna. Jan ɗigo ya kama.

Hoton ya ɗan koɗe, amma ga majami'ar nan tun ba a yi mata fenti ba, ga mata a jere. Sai ga Malam Martin ya tako gaba, dogo, furfura ta fara taɓa masa gemu, cikin wata kwat da ta yi masa yawa.

"Kai, dubi kwat ɗin nan! Sai da na ce kada ya…" Ta dafe bakinta, ta juyo tana raɗa, "A goge wannan daga baya."

Malam ya ɗaga hannu, ya buɗe murya:

"Rana ta yi yamma, wa zai raka ni gida?"

Kaka ta doki tulu, ta sunkuya dab da dikoda, ta amsa da duk abin da ya rage mata na murya:

"Makiyayi na nan, ba za ka tafi kai kaɗai…"

Ba ta kai ƙarshe ba Malam ya faɗo da baiti na gaba, kamar yadda ya saba. Ta girgiza kai, ta bi shi. Hawaye yana bin kumatunta yana ɗiga a bakin tulu, amma hannunta bai kuskure kiɗa ba. Mordecai yana tsaye da rimot, kunya da tausayi sun hana shi zama. Tun da yake tsokanar tsohuwar nan bai taɓa jin ya tsani bakinsa ba sai yau.

Shiri ya ƙare. Ya tsayar da naɗi. Kaka ta share fuska da bakin mayafi, ta gyara zama.

"To, maido mu ji."

"Sai ya ɗan huce tukuna."

"Tuwo ne?"

"A'a, wato, na'ura ce, tana bukatar…"

"Mordecai."

In ta kira sunansa na yanka, wasa ya ƙare. Ya danna. Ga Malam, ga kwat, ga hannu a sama. "Rana ta yi yamma, wa zai raka ni gida?" Sai muryar Sarah ta taso ita da sauran mata. Babu tulun Kaka, babu muryarta, babu ma maganar kwat ɗin.

Ta karkata kunne. "Ƙara sauti."

Ya ƙara. Sarah ta ƙara fitowa tar.

"Ina nake?"

"Wataƙila… wataƙila filashin ne ya ji muryar ya ce ba da shi ba."

Ko murmushi ba ta yi ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ya kuwa kai ƙarshensa. Ya durƙusa a gabanta.

"Kaka, ƙarya na yi miki. Ba ya jin ɗaki. Abin da tasha ta aiko kawai yake ɗauka. So na yi ki yi shiru ranar nan, ban san abin da za ki ƙulla a ranki ba. Ki gafarce ni."

Ta daɗe tana kallonsa. Da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi.

"Ranar da aka haife ka ka hana ni," ta ce a hankali. "Yau ma ka hana ni."

Ta ajiye tulu, ta miƙe, ta ɗauko ƙyallen saƙa za ta lulluɓe dikoda. Mordecai ya dubi rimot ɗin da ke hannunsa kamar yau ya fara ganinsa. Ya mayar da shirin baya da sauri. Malam ya sake ɗaga hannu: "Rana ta yi yamma, wa zai raka ni gida?" Kafin Sarah ta buɗe baki, ya danna wani madanni.

Komai ya tsaya cak. Malam yana nan tsaye, hannu a miƙe, ido a buɗe, ko motsi.

"Me ka yi masa? Ka lalata shi?"

"Ban lalata shi ba. Jiran ki yake yi."

"Malam? Jira?"

"Ba inda za shi sai kin gama. Ko gobe za ki kai, yana nan."

Ta dubi talabijin da shakka, kamar mai jiran a faɗo mata a kai. Ta koma ta zauna, ta jawo tulu. Mordecai ya zaro wayarsa ya saita ta yadda za ta ɗauke su su biyu, ya sake sakin baitin, ya tsayar. Kaka ta amsa. Ta ja amshin nan, ta lanƙwasa shi, ta hau da shi sama, ta sauko da shi a hankali har ta dire: "…ba za ka tafi kai kaɗai ba." Wannan ne karo na farko da wani mahaluƙi ya ji ƙarshensa daga bakinta. Malam kuwa bai ce kanzil ba.

Sai wata dariya ta kufce wa Kaka, hawaye bai ma bushe ba.

"Oho! Malam, yau ina gudun? Ka ce kina ja mana, in ji!"

"Ga shi kuma na ɗauke ku tare a waya. Ita tana da kunne, wannan karon ba ƙarya."

"Kai da gaskiya sai na gani a ƙasa. Kunna." Ya kunna, ta ji muryar Malam, ta ji tata ta biyo baya har ƙarshe. Ta gyaɗa kai. "To. Yanzu in ka sake shi, Sarah za ta shigo?"

"Za ta shigo."

"Babu madannin da ke rufe bakin Sarah?"

"Akwai. Ga shi nan, wannan na sama."

"Allah ya yi wa Uzodinma albarka!"

"Uzodinma? Ni fa na yi aikin!"

"Kai ka yi ƙaryar. Kuma bari ka ji, tunda mijina na gaske ya dawo, ga shi ya koyi ladabi, in na ce tsaya ya tsaya, in na ce maimaita ya maimaita, me zan yi da kai? Na sallame ka. Ka tattara kanka mai kama da kabewa ka nemi wata."

"Haba amarya, duk zaman da muka yi?"

"Zaman asara. Wanda ya fi ka ya zo."

Mordecai ya fashe da dariya har da riƙe ciki. "Na yarda, an kayar da ni. Wa zai yi takara da mijin da ake tsayarwa da yatsa?" Ya shiga ɗakinta ya ɗauko jan farcen da wata jikarta ta manta, ya ɗiga a kan madannin tsayarwa, ya ɗiga a kan na rufe bakin Sarah, ya hura ya bushe. Sannan ya durƙusa ya miƙa mata rimot da hannu biyu. "Ga akalar mijinki."

Ta karɓa, ta juya shi, ta gwada da kanta. Malam ya motsa, ya ɗauko baiti na biyu. Sai ƙaurin wani abu ya bugo daga madafa.

"Wayyo, fatena! Kai, tsohon miji, ɗauko kwanonka, ko an rabu ba a hana mutum abinci."

Ta miƙe da sauri, har ta kai bakin ƙofa, sai ta juyo. Ta nuna talabijin da rimot, ta lalubi jan ɗigon farce da babban yatsa, ta danna.

"Malam, jira ni in sauke tukunya."

Ya kuwa jira.